Jar Kujera Mai Ɗaurin Waya

Mozammel Sarkar mutum ne mai shegen son sani. In ya shiga ofis ya tarar an gusar masa da kofin shayi daga dama zuwa hagu, ba zai zauna ba sai ya ji wanda ya taɓa da dalilin taɓawar. Shekararsa goma sha tara a ofishin walwalar jama'a na gundumarmu, kuma abu ɗaya ya koya wanda yake tinƙaho da shi: ba ya yarda da jerin sunayen da ba idonsa ne ya tantance ba.

To, ga jerin sunaye a jakarsa ranar wata Talata, yana zaune a kwalekwale mai inji, sun nufi Char Kashbari, tsibirin rairayin nan da kogin Jamuna ke ci ta gabas yana amayarwa ta yamma. Shiri ne na haɗin gwiwa. Gwamnati za ta riƙa ba da shinkafa kilo talatin duk wata har shekara biyu, wata ƙungiya mai zaman kanta kuma ta ba da karsana ta koyar da kiwo. Mata goma sha biyu aka ware wa tsibirin. Sharaɗin ɗaya ne, kowace takarda sai ta sami hannu biyu, na gwamnati da na ƙungiya. In ɗaya ya ƙi, sunan ya faɗi ke nan, ba a sake buɗe jeri sai bayan shekara biyu. Ranar Alhamis kuma za a rufe.

Hannun ƙungiya na Shirina ne, wata 'yar siririya da rana ta gama ƙona wa fuska, shekara huɗu tana taka rairayin Kashbari da tsohuwar lema. Tana zaune a ɗaya gefen kwalekwalen. Ita Apa ake ce mata, wato yaya, shi kuma Saheb, wato yallaɓai.

"Apa, duka sha biyun kin sa hannu?" in ji Mozammel, yana juya takardu. "Ko ɗaya ba ta faɗi ba?"

"Ba ni na zaɓa ba, Saheb. Mutanen gari ne suka zauna, aka zana gidaje a ƙasa da tsinke, suka jera kansu tun daga mai ci sau uku har zuwa mai kwana da yunwa. Waɗannan su ne wutsiyar layi."

"Hmm. Ku 'yan ƙungiya, in aka ce ku kawo talaka goma sai ku kawo ashirin, don masu ba ku kuɗi su ji daɗi."

"Ku kuma 'yan gwamnati, in aka ce ku kawo goma sai ku kawo surukan ciyaman."

Mai kwalekwale ya tuntsire da dariya har ya kusa sakin akalar inji. Mozammel ya sha mur, amma a ransa maganar ta burge shi.

Gidan farko na can ƙarshen arewa, tafiyar kusan minti arba'in cikin rairayi. Gidan Fulbanu ne, wadda mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce, bayan kogi ya cinye musu gona sau uku. Ita da uwar mijinta suke zaune, wata tsohuwa makauniya mai suna Joygun.

Da suka hau tudun gidan, Shirina ta ja ta tsaya cak.

An share tsakar gida fes, an yayyafa ruwa. Ga jar kujerar roba a inuwa. Ta ƙofar ɗaki ana hango gado an rufe shi da koren mayafi mai zanen ɗawisu. Fulbanu ta fito cikin sari, dogon zanen matanmu, ruwan ɗorawa wanda ko karinsa bai mutu ba, riƙe da kofin gilashi mai shuɗin fure. Daga murhu kuma wani ƙamshi ke tasowa, irin wanda ke sa mai azumi ya duba rana.

"Khala, mene ne haka?" Shirina ta faɗa ƙasa-ƙasa. Khala, wato inna, ake ce wa duk macen da ta manyanta.

"Baƙo ne fa, 'yata," in ji Fulbanu, ita ma ƙasa-ƙasa, kamar mai tuna wa yaro abin da ya sani.

Mozammel ya zauna. Wata waya da aka ɗaure ƙafar kujerar da ita ta kama masa wando, ya yi tsaki ya zare. Kafin ya buɗe jaka an ajiye masa faranti: shinkafa tana tururi, naman kaza da dankali, miya ta yi ja da barkono. Ya ce a'a, shi aiki ya kawo shi. Fulbanu ta tsaya da faranti a hannu, idonta ya ciko. A wurinmu ka ƙi abincin gida ai ka zagi gidan ne. Ga shi kuma tun asuba shayi kaɗai ke cikinsa. Ya wanke hannu. Ba za a ɓoye ba, ya ci, ya ƙara, har ƙashin cinya sai da ya tauna. Shirina ta ce cikinta na ciwo, ko loma ɗaya ba ta kai baki ba.

Sannan ya ɗauko biro.

"Khala, sau nawa kuke cin abinci a rana?"

"Allah bai hana mu ba, Saheb."

"Nama fa? Kukan samu?"

"Ai ga shi ka gani."

"Kayan ɗaki naki ne?"

Ta sunkuyar da kai. "A ɗakina suke."

Ya rubuta kujera, ya rubuta mayafi, ya rubuta suna cin nama. Ya ja layi ɗaya mai kauri a kan sunan Fulbanu, ya yi godiya, ya miƙe.

Suna sauka daga tudun Shirina ta sha gabansa.

"Saheb, wallahi aro ne. Duk abin da ka gani aro ne."

"Aro? Har kazar?"

Ta kau da kai. "Kazar ban sani ba."

"To kin gani."

"Shekara huɗu ina shiga gidan nan. Matar nan ranar da ta samu ta ci sau biyu sai ta ba ni labari."

"Ni kuma yau na shiga, Apa, abin da na gani shi zan rubuta. In kowace takarda zan sa wa hannu don kin rantse, me ya sa gwamnati ta biya min kuɗin kwalekwale?"

Ta buɗe lemarta da ƙarfi har ƙarfe ɗaya ya ɓalle, ta wuce gaba.

Gida na biyu, na wata Sahera, an share tsakar gida, ga jar kujera, ga ruwa a kofin gilashi. Bai kawo komai a ransa ba, jar kujera ai ta cika kasuwa. Ya ja layi. A gida na uku, na wata Hajera, sai da suka ɗan jira a waje, wai matar gidan tana kimtsawa. Da aka ce su shigo ya zauna, sai ji ya yi wani abu ya kama masa wando, daidai wurin da aka kama ɗazu.

Ya duba. Waya ce a ƙafar kujera, ƙafar baya ta hagu, an naɗe ta sau biyar an lanƙwasa bakin sama.

Kai! Mozammel ya ji wani abu ya motsa masa a ƙirji, irin daɗin da yake ji in ya gano inda lissafin wani ya karkace. Ya yi kamar zai gyara takalmi, ya zura biro ƙarƙashin kujerar ya zana ɗan tauraro. Ya sha ruwa, ya ƙare wa kofin kallo. Shuɗin fure, bakinsa ya ɗan ɓantare ta gefe ɗaya. Takardar dai ya ja mata layi, don har yanzu zato ne kawai.

Gida na huɗu tafiyar minti goma ce. Duk hanya yana waige-waige. Babu wanda ya wuce su, babu wanda ya biyo su, rairayi ne fili sai gonakin rama ta gefen dama, sun fi mutum tsayi. Suna shiga ya nufi kujera kai tsaye, ya ɗaga ta ya kifa. Ga tauraronsa yana kallonsa.

Matar gidan ta dafe ƙirji. Shirina ta rufe baki da gefen gyale, ba a san dariya take ko kuka ba.

"Ƙura nake dubawa," in ji Mozammel. Ya mayar da kujerar ya zauna, ya yi tambayoyinsa kamar ba abin da ya faru, amma hankalinsa ba ya kan takarda. Ta ina kujerar nan take bi? Wa ke kai ta? Ta yaya take riga su isa, su da ba su tsaya ko'ina ba? Wannan takardar bai ja mata layi ba, bai kuma sa hannu ba.

Da suka fito ya miƙa wa Shirina jaka. "Apa, yi gaba, zan ɗan zaga."

Ya zaga bayan gidan ya laɓe jikin wata ayaba. Ko minti biyu ba a yi ba, sai ga kujera ta tsallako dangar baya. Ya ga ƙafafunta huɗu a sama, suna tafe bisa kan ganyen rama, suna rangaji, ba mutum ba alamar mutum. Mozammel ya tattare wando ya faɗa gonar. Babban ma'aikacin gwamnati, mai tumbi da takalmin fata, yana kutsawa cikin rama yana bin kujera! Laka ta cinye masa takalmi ɗaya, ya zaro ya riƙe a hannu, ya ci gaba.

A bakin wani ɗan rafi ya cim mata. Wata tsohuwa ce 'yar firit, kujera a ka, koren mayafi a hammata, kofi ƙulle a bakin zane, tana zabga sauri kamar wadda ta bar tuwo a wuta.

"Khala! Ina zuwa da kujera?"

Ta juyo ta gan shi, ta ce, "Innalillahi!" Kujera ta faɗi gefe.

Sunanta Amiron, ungozomar tsibirin. Da ta ga ba duka zai yi ba, sai ta gyara tsayuwa ta fara yi masa faɗa, wai ya tsorata ta, in ta faɗi ta karye wa zai karɓi haihuwa a Kashbari? Shirina ta ji hayaniya ta iso tana haki.

"Kujerar wa ce?" in ji Mozammel.

"Ta malamin makaranta. Ita kaɗai ce a wannan ɓangaren."

"Mayafin fa?"

"Na amaryar mai shago. Kofin na liman ne, daga aikin hajji ƙaninsa ya kawo masa, in ya fashe na shiga uku."

"Sarin da suke sawa?"

"Biyu ne, ana karɓa-karɓa. Shi ya sa ka jira a gidan Hajera, ba a kawo da wuri ba. Laifin Sahera ne, ta tsaya kallon kanta a ruwan tulu."

"To wa ya shirya wannan?"

"Wa kuwa? Mu duka. Kwana uku muna tsara hanya."

"Don me?"

Amiron ta dube shi sama da ƙasa, da takalminsa a hannu, kamar ba ta taɓa jin tambayar wauta irin wannan ba.

"Don me? Saheb na gwamnati ya ƙetaro Jamuna ya zo gidanka, ka zaunar da shi a ƙasa kamar mai sayen rama? Ka ba shi ruwa a gwangwani? Ya koma birni ya ce mutanen Kashbari ba su san baƙo ba? Talauci ne ya same mu, Saheb, ba rashin tarbiyya ba. Kuma ai an ce gwamnati ba ta ba matsiyaci saniya, don sayarwa zai yi ya ci. Sai wanda gidansa ya nuna zai iya riƙewa."

"Wa ya ce?"

"Haka dai aka ce. Ga Apa nan ma, da bakinta ta ce babban baƙo na zuwa, kowa ya shirya."

Shirina ta dafe kai. "Katin shaida nake nufi, Khala! Ku shirya katinku na ɗan ƙasa!"

"To ai ba ki ce kati ba."

Mozammel ya zauna a kan jar kujerar nan cikin gonar rama ya yi dariya har da hawaye. Ya ce da Shirina, "Kin gani? Ke kika ce su shirya, ni na zo na rubuta shirin. In aka tara ni da ke, mun kusa hana mata huɗu shinkafar shekara biyu."

"Mata uku ka ja wa layi, Saheb. Goge ka sa hannu, magana ta ƙare."

Sai dariyar ta tsaya. Ya juya ga tsohuwa.

"Khala, kazar fa? Wadda na ci a gidan Fulbanu. Ta wa ce?"

"Wace kaza?" Amiron ta yamutsa fuska. "Babu kaza a kayan aro. Shayi muka ce kowa ya ba ka, in akwai."

Daga bakin kogi ana jin mai kwalekwale yana ƙwala kira. Iska ta fara tasowa, ya ce in la'asar ta wuce shi ba zai ƙetara ba ko da Saheb ne. Saura gidaje takwas ba a shiga ba. Shirina ta roƙe shi.

"Saheb, don Allah sa mata hannu kawai. Na rantse maka."

"Ban sa hannu a kan abin da ban gani ba, Apa. Kujera na gane, mayafi na gane. Gidan da ake yanka kaza ranar Talata ba biki ba suna, wannan ban gane ba tukuna." Ya sa takalminsa mai laka. "Khala, mayar wa malam kujerarsa, ki gaya wa sauran duk wadda na tarar da kujera a gidanta ta faɗi. Apa, aika wa mai kwalekwale ya jira, in ba zai iya ba ya dawo gobe. Kada kowa ya riga mu zuwa arewa."

Suka koma cikin rairayi zuwa gidan Fulbanu, rana ta take. Wannan karon ba su yi sallama daga nesa ba, sai da suka hau tudu.

Da ƙyar ya gane gidan. Ta ƙofar ɗaki babu gado, ashe ƙyauren wani ne aka ɗora kan bulo, an zo an ɗauke. Tabarma ce a ƙasa, rabinta ya zagwanye. Fulbanu tana tsugune cikin wani sari da ba a iya faɗin launinsa na asali, an ɗinke shi a wuri ya fi goma. Tana ba makauniyar abinci a baki, shinkafar jiya da aka jiƙa a ruwa, da gishiri da ɗanyen barkono ɗaya. A gefe ga ɗan kwano da sauran romon da Mozammel ya rage, tana ɗiga wa tsohuwar kaɗan-kaɗan a kan kowace loma.

Ta ɗago ta gan su. Ta yi wuf ta ja gefen sarin ta rufe kafaɗarta inda ya yage, kunya ta rufe ta har ta rasa inda za ta sa ido.

"Wayyo, Saheb! Da ka ce za ka dawo, ai da na aika an kawo kujerar."

"Bar kujera, Khala."

Ya zauna a ƙasa, ya tanƙwashe ƙafa, gwiwoyinsa na ƙara. Ya zaro sabuwar takarda ya ɗora a kan jaka.

"Zan sake tambaya. Wannan karon ba baƙo ba ne, ɗanki ne ke tambaya. Sau nawa kuke ci a rana?"

Ta dubi Shirina. Shirina ta gyaɗa mata kai.

"Sau ɗaya. In na samu aikin dukan shinkafa a gidan wani, sau biyu."

"Gona?"

"Tana cikin kogi."

"Akuya? Tunkiya?"

"Babu."

Idonsa ya faɗa kan wani kwando da aka kife a gindin danga, irin wanda ake rufe kaza da shi. An ɗaga shi gefe ɗaya da dutse, babu komai a ciki sai ɗan kasko na ruwa. Kusa da murhu an share gashin kaza an tara, jajaye, iska na ɗaukar su ɗaya-ɗaya.

"Ita ke yi mana ƙwai," makauniya ta faɗa ba tare da an tambaye ta ba. "Huɗu a mako. Da shi ake karɓo gishiri da mai a shago. Na ce da ita kada ta yanka, ta ce shayi ba ya isar wanda ya ƙetaro kogi."

"Amma, yi shiru mana," in ji Fulbanu, don Amma take kiran surukarta, wato mama.

Saura layi ɗaya a takardar, kuma dole a cika shi. Mozammel ya san amsar, amma ya tambaya.

"Kaji nawa gare ki, Khala?"

"Da safe ɗaya." Ta ɗan matso, da damuwa ta gaske a fuskarta. "Saheb, ta yi daɗi kuwa? Ta tsufa, tun ɗazu nake tsoron ko ta yi maka tauri."

Mozammel ya sake duban kwandon nan. Shekara goma sha tara yana alfahari da idonsa, yau ga shi ya cinye dukiyar mace kaf, ya tauna har ƙashi, ya kuma rubuta cewa ta fi ƙarfin taimako. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

"Ta yi daɗi, Khala," ya ce. "Ta yi daɗi ƙwarai."

Fulbanu ta yi ajiyar zuciya, fuskarta ta washe. "Alhamdulillahi."

Ya sunkuya ya rubuta babu a layin kaji. Ya sa hannu a gurbin gwamnati, ya miƙa wa Shirina biro ta sa nata a gefe. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe wando, ya tambayi hanya mafi kusa zuwa gidan Sahera.